Gurbin Diddige

Ranar da ruwa ya cinye Idumagbo
har kwalbatoci suka yi amai a kan titi,
wata tsohuwa ta sauko daga keke mai ƙafa uku
rungume da wani abu a leda, kamar jinjiri.

Ni ne Ɗanliti, baduku ɗan baduku.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka tumtum a Ikko,
ina cusa auduga cikin jar fata
don ƙafafun da ban taɓa gani ba.

Ta kwance ledar.
Ɗan matashin ƙafa ne, bai kai kamu ɗaya ba,
ƙafafunsa huɗu na maɗaci, an sassaƙa su kamar dagin zaki,
ɗaya ta gutsure, gara ta yi kalaci da ita.
Karan-miskin da ke kansa ya koɗe
ya koma launin ruwan goro.

Da Yarbancina mai ɗingishi da Hausarta ta cefane
muka haɗu a tsakiya.
Iya Rosalina, daga Popo Aguda.
Ta ce kakan mijinta ne ya sassaƙa shi
bayan ya dawo daga ƙetaren teku
da gizago, da harshen da jikoki suka manta.

Na sha ganin irinsu.
Akwai mai murfi, inda matan da ke ɓoye zare da allura.
Akwai mai gangare, na attajiran da yatsa ke wa zogi.
Wani Bature ya taɓa kwatanta mini
mai akwatin garwashi a ciki, na ƙasar sanyi,
na yi dariya, gumi na bin bayana.
Namu kuwa ba shi da ƙafa ko ɗaya,
fata ce ta ƙoshi ta zauna a ƙasa.

Na zare ƙusoshin, tsatsar gishirin teku ta ci kawunansu.
Sai cikin ya fara ba da labari:
gashin doki a can ƙasa,
zaren kwakwa a bisansa,
audugar rimi ta wani mai gyara da ya riga ni,
guntun jarida da ya narke a yatsana,
da anini mai huda,
ban san ko sadaka ce ko mantuwa ba.

Na ɗebo sabon soso zan cika shi ya yi tsaf,
ta riƙe mini wuyan hannu.
Ashe tsohuwa da ƙarfi!
Ta nuna wasu ramuka biyu a tsakiya,
na dama ya fi zurfi.

Ta ce, "Justino ke nan.
Shekara arba'in yana tsaye a tashar Iddo yana huda tikiti.
In ya dawo, nan yake sauke yinin.
Gyara ƙafar, sake rigar,
amma kada ka tashi wannan."

Aikin da ya fi ba ni wuya ke nan.
Na iya cika rami tun ina yaro,
ba wanda ya koya mini ɗinka shi.
Kwana uku ina bin gurbin da basilla
a hankali, kamar mai tsallake masu barci.

Da ta zo karɓa ba ta duba ɗinkin ba.
Ta cire takalmi, ta sa diddigenta a na hagu,
ya yi mata yawa.
Ta biya, ba ta yi tayi ba.

Da daddare janareton maƙwabci na ta kuka,
na miƙe ƙafa bisa bokitin fenti, kamar kullum.
Na dubi kaushina. Na dubi bokitin.
Ko alama babu.

Na tashi na sauko da tumtum ɗaya daga rataye,
wanda ɗinkinsa ya karkace, ba mai saye,
na goge kuɗin da na rubuta da alli,
na ɗora ƙafafuna, na danna.